Doki 460 a Zafin Bazara: Shirya Motar Ƙwanji Don Fili da Saita Ta Ta Sha Itanol

Motocin da Amurkawa ke kira masu ƙwanji, wato Ford Mustang GT da Chevrolet Camaro SS da Dodge Challenger, sun wuce matsayin abin kallo a waya. Ana shigo da su ta Legas da Kwatano, kuma ba a birnin Kano kaɗai suke tsayawa ba. Ranar sallah ko ɗaurin aure sai ka tarar da ɗaya a ƙofar gida a Bichi ko Ringim, yara sun yi mata zobe. Waɗanda ake magana a kansu duk masu silinda 8 ne, ƙarfinsu kuma a tayoyin baya yake. Mustang GT ta 2018 tana da inji lita 5.0 mai ƙarfin doki 460. Camaro SS lita 6.2 ce, doki 455. Challenger mai lamba 392 lita 6.4 ce, doki 485, yayarta Hellcat ta 2015 kuwa doki 707 ce, da sufacaja, wato na'urar da ke tura wa inji iska da ƙarfi.

Duk wanda ya mallaki irin wannan ingarma, wata rana zai so ya sakar mata linzami. Titi ba wurin yin haka ba ne. Wanda ya bi hanyar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis ya san yadda shanu da amalanke da 'yan acaɓa ke faɗowa kwalta ba sallama. Abin da masu wannan harka ke yi a duniya shi ne ranar fili. A killace wurin gudu da izinin hukuma, a ajiye motar asibiti, a sa masu tuta a kowace kwana, a raba direbobi rukuni-rukuni bisa gwaninta, kowane rukuni ya shiga na kamar minti 20, sau 4 ko 5 a yini. Ba a ba da kofi, ba a neman wanda ya riga wani. Haka ake yi a Kyalami ta Afirka ta Kudu da Yas Marina ta Abu Dhabi, kuma duk filin da za a shirya a nan sai ya cika waɗannan sharuɗɗa kafin a kira shi fili.

Wannan minti 20 shi ne dukan maganar. Kowace mota tana jure taka totur sau ɗaya daga tsaye har kilomita 200 a awa. Abin da ke tona mata asiri shi ne maimaitawa: a taka, a ci burki, a karya kwana, a sake takawa, ba numfashi. Mustang da Camaro suna kusan kilo 1,700, Challenger tana kai 1,900 ko fiye. A ɗora wannan nauyi a kan zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da fetur ɗin da muke samu a gidajen mai, sai a gane dalilin da ya sa tsarin kashe kuɗi yake farawa daga burki, sai taya, sai sanyaya inji, sannan saitin ƙwaƙwalwar mota. Yawancin matasa daga ƙarshen suke farawa, da salansa mai ƙara, domin shi ne jama'a ke ji.

Kafin komai, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta. Da yawa daga cikin waɗanda ke iso mana motocin gwanjo ne da suka yi haɗari a Amurka aka gyara. A binciki lambar shasi a intanet a ga hotunan ranar gwanjo. A duba alamar walda ko miƙewa a ƙarfen gaba, a tabbata jakar iska tana nan ba cusa tsumma aka yi ba, a girgiza kowace taya a ji ko boris ko tayarod na da wasa, a duba shokozoba ko tana yoyo. A kuma duba ko an sare matatar hayaƙin da bakanikai ke kira indomi a salansa, domin yadda aka mayar da waldar yana da tasiri a kan saitin itanol, wato sinadarin barasa da ake haɗawa da fetur, kamar yadda za a gani a gaba.

Burki

Mota mai kilo 1,800 da direbanta, idan ta sauko daga kilomita 200 zuwa 70 a bakin kwana, zafin da burki ke haɗiyewa a wannan taku ɗaya ya isa ya tafasa ruwa lita 7 da ɗoriya. A cikin daƙiƙa kaɗan ake zuba shi, mafi yawansa a tayoyin gaba. Faifan burki yana kai digiri 500 zuwa 600. Daga nan zafin ke bi ta fad, wato takalmin burki, ya shiga kalifa mai matse shi, ya tarar da man burki.

Man burki yana shan danshin iska, kuma gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa. A ƙa'ida, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya sauka zuwa 140. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 idan ya jiƙa. Motar da ta baro Amurka, ta yi makonni a teku, ta yi damina biyu a nan ba a taɓa man burkinta ba, a lamba ta biyu take. Da zarar man ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa tana matsuwa, sai feda ta nutse har ƙasa mota ba ta rage gudu ba. Maganin shi ne a zubar da tsohon gaba ɗaya a sa na gudu: Motul RBF 600 yana kai digiri 312 sabo, Castrol SRF kuma ko ya sha ruwa yana riƙe 270. Lita 1 ta isa. A saya a rufe da hatiminsa. Kwalbar da aka buɗe ta kwana watanni a kan tebur a gareji ta riga ta sha ruwa. Kada a kusanci DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Wajen fitar da iska a tuna cewa kalifar Brembo tana da noti biyu na fitarwa, na ciki da na waje. Bakaniken da ya saba da Corolla da Golf yakan buɗe ɗaya ya bar ɗaya, iska ta maƙale a can.

Akwai wata mutuwar burki ta daban da ake rikitawa da wannan. Feda tana da tauri kamar kullum, amma mota tana ta tafiya, ga warin ƙonewa. Nan fad ne ya wuce zafin da aka ƙera shi a kai. Fad na titi, musamman mai arha da ake samu a Ƙofar Ruwa ba suna ba lamba, zagaye 3 ko 4 yake yi ya sallama. A nemo fad na fili daga masu ƙera shi irin su Hawk, Carbotech, G-LOC ko Ferodo. Yana da kuka, yana baƙanta wili, yana cin faifai, wasu nau'o'insa kuma ba sa kamawa sosai da sanyin safiya, don haka mai hankali yakan ajiye kashi biyu: na fili da na zuwa kasuwa. Kada a shiga fili da fad da ya ci fiye da rabi, domin siririn fad yana miƙa zafi ga kalifa da sauri.

Sabon fad sai an zaunar da shi. A samu wuri killatacce, a ci burki da ƙarfi daga kilomita 100 zuwa 20 kamar sau 8 ko 10 a jere, ba tare da an tsaya cak ba, sannan a yi tafiyar minti 10 ba a taɓa burki ba. Wannan yana shafa siririn shimfiɗar fad a fuskar faifai daidai wa daida. Idan aka tsallake shi, sitiyari zai riƙa karkarwa a burki, bakanike ya ce faifai ya lanƙwashe, alhali tabon fad ne ya manne gefe ɗaya.

Taya

A gefen kowace taya akwai lambobi 4 a ƙarshen layin DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara 6 ba ta shiga fili ko da zanenta bai taɓu ba, tayar da aka yi wa faci a gefe ma haka, tayar gwanjo da ba a san inda ta kwana ba ma haka. Harafin gudu ya zama W, mai jure kilomita 270, ko Y mai 300.

Iska tana hawa da zafi. A fili taya tana ƙara psi 5 zuwa 8 a kan yadda aka fita da ita, shi ya sa ba a farawa da lambar da ke jikin ƙofa. A fara da kamar 28 zuwa 30 a sanyi, a auna da zarar an fito, a rage har ta zauna tsakanin 33 da 36 a zafi. A sayi geji na kai, domin na mai faci a bakin hanya yakan yi kuskuren psi 4 ko 5. Da yamma kafin a kama hanyar gida a mayar da iskar.

Mustang da Camaro suna cin gefen waje na tayar gaba a kwana, saboda yadda aka ƙera ƙafarsu. Maganinsa a kwantar da saman tayar ciki da digiri 2 zuwa 2.5 a wajen alaimen; Mustang sai an sa mata faranti na musamman a saman shokozoba kafin ta kai haka. Notin taya kuwa da sifana mai auna ƙarfi ake ɗaure shi: Mustang ta 2015 zuwa 2023 Nm 204, Camaro 190. Yaro ya hau kan bututu yana tsalle a kan sifana, wannan shi ke miƙar da ƙusa har ta karye a lokacin da ba a so.

Zafin inji, giya da aksul

Abu na farko ba ya cin ko sisi: a wanke lagireto da kondensar AC daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Motar da ke bin hanyoyin karkara lokacin kaka tana tara ƙaiƙayi da ƙura da ƙwari tsakanin waɗannan biyu, a inda ido ba ya gani. Ruwan lagireto kada ya zama na rijiya ko burtsatse, domin yana barin farin gishiri a cikin siraran bututu. A yi amfani da tataccen ruwa irin na batir, wanda ba a sa wa asid ba, a haɗa da kulan, wato sinadarin ruwan lagireto, irin wanda littafin motar ya ambata. Ruwa ya fi kulan ɗauke zafi, kuma tunda ƙasarmu ba ta ƙanƙara ana iya rage kulan zuwa kashi 30 ko 40 cikin 100, amma ba a cire shi gaba ɗaya, domin shi ke hana tsatsa.

Baƙin mai ya zama sabo, na sintetik zalla. Injin Mustang ta 2018 da na Camaro SS kowanne yana cin kusan lita 9.5. Littattafan motocin suna da shafin gudun fili da ke faɗar kaurin man da za a sa, a bi shi. A riƙa kallon zafin man a allon mota: 120 zuwa 130 ba damuwa, idan ya doshi 140 a sassauta a yi zagaye ɗaya a hankali. A duba ma'auni bayan kowace shiga, domin waɗannan injina suna shan mai idan aka daɗe a juyi mai yawa.

Inda mutane ke mantawa shi ne giya da aksul na baya. Camaro SS ta 2016 zuwa sama ta zo da na'urar sanyaya baƙin mai da na giya da na aksul tun daga kamfani, wannan babbar riba ce a gare ta. Mustang GT ta talakawa ba ta da ta aksul. Har Shelby GT350 ta 2016 da ba a saya da kayan fili ba ta yi suna wajen rage ƙarfinta da kanta a tsakiyar gudu saboda zafin giya da aksul. A canza man aksul kafin fili da bayansa, wanda kuma zai riƙa zuwa a kai a kai ya sa masa na'urar sanyaya mai da famfonta.

Filtar iska a bar ta takarda ta asali. Waɗanda ake shafa wa mai suna barin siririyar ƙura ta wuce, man kuma yana ɓata sensar da ke auna iska a Mustang da Camaro. A Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke rufe gari, wannan ƙurar kamar sanfefa take ga ringin fistan.

Fetur ɗinmu, da abin da itanol ke gyarawa

A nan ne ruɗani ya fi yawa. Lambar oktan tana nuna yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. Amurka tana da nata lissafi daban da wanda sauran duniya ke bi. 91 zuwa 93 da littattafan waɗannan motoci ke ba da shawara daidai yake da kamar 95 zuwa 98 a ma'aunin RON na sauran duniya. Fetur ɗin gidajen manmu kuwa a wajen RON 91 yake, wanda a lissafin Amurka kusan 87 ne, wato mafi ƙasa a yawancin famfunansu. Mai mota ya ga 91 a littafi, ya ji an ce namu 91 ne, ya ɗauka an dace. Ba a dace ba.

Injin Mustang ta 2018 yana matse iska ninki 12, na Camaro 11.5, na 392 kuma 10.9. Hellcat 9.5 ne amma sufacaja na tura mata iska da ƙarfin psi 11.6. Idan mai rauni ya haɗu da wannan matsi da iska mai zafi, ragowar man da wutar fulogi ba ta iso ba sai ya fashe da kansa, ya daki kan fistan. Wannan ƙwanƙwasa ce, ba ita ce abin da muke cewa inji ya buga ba, amma ita ce hanyar zuwa can. Sensa tana jin ta, ƙwaƙwalwar mota ta ja taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, baya. Ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙara zafi, lagireto ya ƙara wahala. A titi ba a lura. A fili, minti 20 ana kan wannan gaɓa, ƙarshenta gefen fistan ya tsage. Fetur ɗin 'yan bumburutu da ba a san abin da aka tsarma masa ba kuwa bai ma shigo lissafi ba.

Itanol yana maganin wannan ta hanya biyu. Oktan ɗinsa yana wajen RON 108. Kuma yayin da yake zama tururi yana zuƙe zafi fiye da ninki biyu na abin da fetur ke zuƙewa, sai iskar da ke shiga silinda ta yi sanyi. A Amurka ana sayar da shi a famfo da sunan E85, kodayake itanol ɗin cikinsa yana kaiwa daga kashi 51 zuwa 83 bisa yanayin shekara. A Barazil tun 2003 ake sayar da motocin da ke shan kowanne, da itanol ɗin da suke tatsa daga rake. A can ana nemansa don ƙarin doki 15 zuwa 30 a injin da ba sufacaja. A wajenmu amfaninsa ya fi haka: shi ne hanyar da za ta mayar wa inji ƙarfin da fetur ɗinmu ya ƙwace masa, ya kuma cire shi daga bakin haɗari.

Kuɗinsa shi ne yawan sha. Fetur zalla yana ƙonewa daidai da kilo 14.7 na iska a kowane kilo 1 na mai, E85 kuwa kusan 9.8. Wato inji zai nemi ƙarin mai kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Famfon mai da nozul masu fesa shi a inji dole su iya bayar da wannan ƙari. Mustang ta 2018 zuwa sama tana da nozul kashi biyu, na bututun iska da na cikin silinda, kuma tana iya ɗaukar E85 da kayanta na asali muddin ba a sa mata sufacaja ba. Ta 2015 zuwa 2017 yawanci ana ƙara mata manyan nozul. Camaro nozul ɗinta na cikin silinda ne kaɗai, famfonta mai matsi kuma yana da iyaka da ake saurin kaiwa idan an ƙara wa inji iska.

Gidajen manmu ba sa sayar da E85, don haka mai mota da kansa zai haɗa, kuma shawara a nan ita ce E30, wato itanol kashi 30 cikin 100. Tankin Mustang kusan lita 60 ne: itanol lita 18, fetur lita 42. Wannan haɗin yana ɗaga RON 91 zuwa kusa da 100, ya zarce abin da injin ke nema, ƙarin shan mai kuma kusan kashi 12 ne kawai, wanda famfo da nozul na asali ke ɗauka cikin sauƙi. Mafi yawan ribar itanol a injin da ba sufacaja tana samuwa ne kafin a kai kashi 50. Jigilar jarkoki 2 ko 3 na itanol daga Kano don cika tanki ɗaya da E85 wahala ce da ribarta ba ta kai ba. Ga kuma safiyar hunturu a Gumel ko Haɗeja, inda E85 ke wahalar tashi domin itanol ba ya saurin zama tururi a sanyi.

Ingancin itanol ɗin shi ne abin tsoro. Wanda masu sayar da sinadarai suka fi riƙewa mai kashi 96 ne, sauran ruwa. Ruwa da fetur ba sa zama tare sai itanol ya riƙe su, kuma idan ruwan ya yi yawa ko gari ya yi sanyi sai haɗin ya rabu biyu, ruwa da itanol su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. A nemi mai kashi 99 da ɗoriya, na masana'anta wanda aka gurɓata don kada a sha, a kuma riƙe takardar sayensa a mota saboda masu bincike a hanya. Kafin a zuba a tanki a haɗa kaɗan a kwalbar gilashi, a rufe, a tsoma ta cikin ruwan ƙanƙara na rabin awa. Idan ya yi gajimare kamar tsinkakken koko ko ya rabu, a mayar. A kuma kiyayi metanol da ake sayarwa da sunan itanol. Yana cin alminiyon da roba. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shigo ƙasar nan ya lalata motoci.

Auna kashin itanol a kowane haɗi abu ne mai sauƙi. A samu silindar awo ta gilashi mai mililita 100, a zuba ruwa 50, a zuba man 50, a girgiza, a bari ya kwanta. Itanol zai koma cikin ruwa, fetur ya taso sama. Idan na saman ya zama 35, itanol kashi 30 ne a ƙiyasi. A yi wa fetur ɗin gidan mai ma wannan gwaji kafin a haɗa, domin a san ko yana ɗauke da wani abu tun asali.

Yadda mota ke gane abin da aka ba ta

Kada a zuba haɗin itanol a motar da ba a saita ba. Saitin mai biyu na nufin ƙwaƙwalwar mota ta san kashin itanol a tanki, ta daidaita yawan mai da taimin da kanta, yau E30 gobe fetur zalla. Hanyoyi biyu ne.

A Camaro ana ɗaura sensa a kan bututun mai, a ja wayarta zuwa ƙwaƙwalwa, a kunna tsarin da manhajar HP Tuners. Sensar tana aika bugu 50 a daƙiƙa idan ba itanol, 150 idan itanol ne zalla, don haka E30 zai nuna 80. Rauninta shi ne tana ɗaukar ruwa da metanol a matsayin itanol. Idan ka haɗa E30 da hannunka sensa ta ce 45, man ne ke da matsala.

Mustang ba ta buƙatar sensa. Tana ƙiyasta itanol ne daga sensar oksijin da ke salansa: bayan an sha mai, tana kallon yawan gyaran da take yi, ta lissafa. Shi ya sa bayan kowace cikawa sai an yi tafiyar minti 10 zuwa 15 a hankali kafin a danne totur. Shi ya sa kuma waldar salansa da ke yoyon iska kusa da sensar, ko tiyon iska da ya tsage, ke sa ta ƙiyasta itanol ɗin da babu, ta ƙara taimin a kan fetur mai rauni. Wannan kuskure yana kashe inji. Dodge ta 2015 zuwa sama ƙwaƙwalwarta a kulle take, sai an buɗe ta ko an sayi buɗaɗɗiya, daga 2018 kuma akwai wani shingen tsaro da sai an kewaye shi kafin na'ura ta yi magana da ita.

Saitin da kansa ana iya yin sa daga nesa. Mai saiti ya aiko fayil, a loda, a naɗi bayanan tafiya, a mayar masa ya gyara, haka sau 3 ko 4. Abin da dole a gaya masa tun farko: fetur ɗinmu 87 ne a lissafinsu, zafin gari yana wuce digiri 40, kuma motar ta fili ce. Saitin da aka yi don gudun daƙiƙa 12 a miƙaƙƙen layi da fetur 93 ba zai kai minti 20 a nan ba. A ce ya bar rata a taimin, kada kuma ya kashe kariyar zafi ko ya rage jin sensar ƙwanƙwasa. A cikin bayanan a duba lamda, wato ma'aunin haɗin iska da mai, a cikakken totur, ta kasance wajen 0.85 zuwa 0.87 a injin da ba sufacaja, 0.78 zuwa 0.82 a mai sufacaja. Gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa yawan mai kada ya wuce kashi 5 sama ko ƙasa. Nozul kada su wuce kashi 85 na iyawarsu. Matsin mai kada ya faɗi a saman juyi. Taimin kada ya riƙa ja baya. Camaro da Challenger sai an ƙara musu sensar oksijin mai faɗin awo kafin a ga lamda ta gaskiya. A yi naɗin da tsakar rana, a zafin da motar za ta yi aiki.

Itanol yana wanke dattin da ya daɗe a tanki ya tura shi filta, saboda haka bayan tanki 2 ko 3 na farko a duba matsin mai, a canza filta idan ya ragu. Yana kuma zurarewa cikin baƙin mai fiye da fetur, musamman a gajerun tafiye-tafiye, sai a rage tazarar canjin mai da kamar rabi. Ajiyarsa a duro na ƙarfe ko jarka mai kauri, a rufe gam, a inuwa, nesa da madafa da ɗakin yara. Wutarsa shuɗiya ce da ba ta fitowa sosai da rana, mutum na iya takawa cikinta bai gani ba. Abin kashe gobara na hoda mai kilo 2 aƙalla ya kasance kusa duk lokacin da ake haɗawa.

Ranar kanta

A kwashe komai daga cikin mota, har tabarmar ƙafa, domin tana zamewa ƙarƙashin feda. Hular kwano ta mota mai tambarin Snell, ba ta acaɓa ba. A ɗaura ƙugiyar ja a gaba. A shiga da tanki sama da rabi, domin a doguwar kwana mai yana gudu gefe ɗaya famfo ya zuƙi iska, inji ya yanke a cikakken totur. Shiga ɗaya na iya cin kusan sulusin tanki, da itanol kuma fiye. A haɗa man yinin tun a gida a jarkoki masu rubutu, kada a tsaya lissafi a fili cikin gajiya. A bar na'urar hana zamewa a kunne har sai an san filin. AC a kashe.

Zagayen ƙarshe na kowace shiga a yi shi a hankali ba a taɓa burki ba sai dole. Da an tsaya kada a ja burkin hannu, kada a bar ƙafa a kan feda, domin fad mai zafi zai manne a faifai. A sa dutse ko katako a bayan taya, a buɗe bonet, a bar inji yana aiki minti 2 ko 3. Sai a auna iska, a leƙa kaurin fad ta ciki da waje, a duba faifai ko tsagewa ta kai bakinsa. Noti a sake gwada shi bayan wili ya huce. Direba ma ya sha ruwa, domin cikin mota da hula a ka, ko da tagogi a buɗe, yana fin waje zafi.

Idan motar za ta koma zaure ta yi makonni ba a tashe ta ba, musamman da damina, kada a bar ta da haɗin itanol mai yawa a tanki. A ƙone shi, a cika da fetur mai kyau, a yi tafiyar kilomita 20 ko 30 domin ya ratsa famfo da nozul, a mayar da fad na titi, sannan a rufe ta.